Daga Mai Masauki Zuwa Manaja: Yadda Kula da Zaurukan Intanet Ya Zama Sana'a

Duk wanda aka taɓa naɗawa admin a zauren WhatsApp na dangi ko na tsofaffin ɗalibai ya san yadda abin yake. Ƙarfe sha ɗaya na dare kana shirin kwanciya, sai wani ya turo bidiyon da ba a san asalinsa ba, wani ya ce ƙarya ne, na uku ya ce an zagi malaminsa. Kafin ka ankara saƙonni sun haura ɗari biyu, mutum uku sun fice, waya sai ƙara take yi: "Admin, wai kana ina ne?" In ka goge a ce ka yi son kai, in ka ƙyale a ce ba ka iya shugabanci ba. Washegari kuma babu mai ce maka sannu da aiki, domin a ganin yawancinmu ai wannan ba aiki ba ne.

Amma fa akwai waɗanda da wannan aikin suke ci, suke sha. Kamfanoni na ɗaukarsu da albashi, ana kiransu manajojin al'umma, suna da ƙungiyoyi da taruka har da jarrabawar samun shaidar ƙwarewa. Akwai kuma wasu dubbai da ke yin wani ɓangare na aikin a ɓoye, a kan kuɗi kaɗan, har ya taɓa lafiyar ƙwaƙwalwar wasunsu. Sai kashi na uku, mafi yawa, masu yi kyauta. Yadda aka yi aiki ɗaya ya rabu gida uku shi ne abin da za mu bibiya, kuma tambaya ɗaya ce ke bin tarihin tun daga 1978 zuwa yau: wa zai biya mai kula da zaure, kuma da wane ma'auni za a auna abin da ya yi?

Dusar ƙanƙara da allon sanarwa

A watan Janairun 1978 dusar ƙanƙara ta rufe birnin Shikago na Amurka, mutane suka kasa fita aiki. Wasu abokai biyu 'yan ƙungiyar masu sha'awar kwamfuta, Ward Christensen da Randy Suess, suka yi amfani da zaman gidan wajen haɗa wani abu da suka daɗe suna tunani. Sun san allon da ake kafewa a bango, kowa ya manna takardar cigiya ko ta sayar da kaya. Suka ce me zai hana a yi irinsa a cikin kwamfuta, mutum ya kira ta layin tarho ya karanta abin da wasu suka bari, shi ma ya bar nasa? Christensen ya rubuta manhajar, Suess ya harhaɗa na'urar aka ajiye a gidansa. Ranar 16 ga Fabrairun 1978 allon ya fara aiki da sunan CBBS. Mutum ɗaya kaɗai ke iya shiga a lokaci guda, sai ya ajiye waya wani ya samu layi.

Cikin 'yan shekaru irin waɗannan alluna suka bazu. Mai allon shi ne komai: shi ya sayi kwamfutar, shi ke biyan kuɗin tarho, shi ke gyara in ta lalace. Sunan da suka ba kansu, sysop, gajarcen kalmomin Ingilishi ne masu nufin mai sarrafa na'ura, wato a tunaninsu aikin na inji ne. Ba a daɗe ba suka gane cewa injin ne ma mai sauƙin sha'ani. Abin da ke hana su barci shi ne mutane: mai zagi, mai shigowa da sunan ƙarya, da abokai biyu da suka mayar da allon filin dambe. Hausawa sun riga sun faɗa, zo mu zauna zo mu saɓa. Sai dai a wannan zamanin ba a maganar albashi. Allon naka ne, kamar zauren ƙofar gidanka, wanda ya ɓata maka rai ka kore shi.

Mutanen gona da suka zama masu masauki

Wurin da masana tarihin intanet ke yawan nunawa a matsayin mafarin sana'ar shi ne The WELL, wani dandalin hira da Stewart Brand da Larry Brilliant suka buɗe a 1985 a Sausalito, kusa da San Francisco a jihar Kalifoniya. A lokacin ana biyan dala 8 a wata, da dala 2 a kan kowace awa. Tunda kuɗin shiga ya dogara da tsawon zaman mutane suna hira, dole a samu wanda zai sa zaman ya yi daɗi.

Abin mamaki shi ne irin mutanen da aka ɗauka. Matthew McClure, shugaban farko, da Cliff Figallo da John Coate, dukkansu sun fito ne daga The Farm, wata al'umma a jihar Tennessee inda ɗaruruwan mutane suka haɗu suna noma tare, suna ci tare, dukiyarsu a haɗe. Sun yi shekaru a irin wannan zama, sun ga yadda ƙaramar magana ke raba gida, sun kuma koyi yadda ake sasantawa. Coate, wanda ya fara aiki a 1986, ba masanin kwamfuta ba ne, kuma shi ne mutane da yawa ke kira manajan al'ummar intanet na farko. Aikinsa ya karanta hirarraki, ya tarbi baƙo, ya kira wanda ya fusata a waya ya lallashe shi. The WELL ba ta yarda da ɓoye suna gaba ɗaya ba, kowa shi ke ɗaukar nauyin kalamansa, kuma a kai a kai 'yan dandalin kan haɗu ido da ido a liyafa. Wanda ka ci abinci da shi jiya, da wuya ka zage shi yau.

A 1992 Coate ya rubuta maƙala a kan abin da ya koya, ya kwatanta aikin da na mai masaukin baƙi. Wannan kwatancen ba zai zama baƙo ga Bahaushe ba. A tarihin fataucinmu akwai fatoma, ko maigida a zango, mai saukar da fatake, ya ba su makwanci da abinci, ya haɗa su da masu saye, ya tsaya musu in rigima ta taso. Masanin zamantakewa Abner Cohen, wanda ya yi bincike a Sabon Ibadan a farkon shekarun 1960, ya nuna cewa cinikin shanu da goro a can ya dogara ne a kan irin waɗannan masu gida, domin su ne ke riƙe da amana tsakanin mutanen da ba su san juna ba. Abin da Coate yake yi kenan, sai dai nasa zangon a cikin waya yake.

Shari'ar da ta kusa kashe aikin

Manyan kamfanonin wancan lokaci, irin su CompuServe da Prodigy, su ma suna da zaurukan hira. CompuServe kan ba wasu 'yan kwangila zaure su gudanar, ta riƙa ba su kaso daga kuɗin awannin da mutane suka ɓata a ciki. Ka ga a nan ma'aunin a fili yake: zaurenka ya yi armashi, aljihunka ya yi nauyi.

Sai kotu ta shigo. A 1991 aka yanke hukunci a ƙarar da aka kai CompuServe kan ɓata suna da aka yi a ɗaya daga cikin zaurukanta. Alƙali ya wanke ta, bisa hujjar cewa ba ta duba abin da ake wallafawa, don haka matsayinta kamar na mai shagon littattafai ne da bai san abin da ke cikin kowane littafi ba. A 1994 kuma wani kamfanin hannun jari, Stratton Oakmont, ya kai Prodigy ƙara saboda wani da ba a san ko wane ne ba ya kira shi macuci a zauren hirar harkokin kuɗi. Prodigy kuwa tana alfahari da cewa dandalinta na iyali ne, tana da dokoki da shugabannin zaure masu goge abin da bai dace ba. Wata kotun jihar New York ta ce to tunda kuna tacewa, kun zama kamar editan jarida, laifin abin da aka rubuta yana iya hawa kanku. Wani abin dariya a ciki, wannan kamfani da ya yi kukan an ɓata masa suna shi ne na Jordan Belfort, wanda daga baya aka ɗaure saboda damfara.

Darasin da kamfanoni suka ɗauka daga hukunce-hukuncen biyu mai hatsari ne: ka share zaurenka a kama ka da laifi, ka bar shi da datti ka tsira. Da an tafi a haka, babu kamfanin da zai ɗauki mai kula da zaure aiki. 'Yan majalisar wakilai biyu, Chris Cox da Ron Wyden, suka kawo gyara, wanda ya zama Sashe na 230 na dokar sadarwa ta 1996. A taƙaice sashen ya ce ba za a ɗauki dandali a matsayin mawallafin abin da wani ya rubuta ba, kuma ba za a hukunta shi don ya cire abin da yake ganin bai dace ba da kyakkyawar niyya. Har yau ana jayayya a kan wannan doka a Amurka, wasu na ganin ta ba kamfanoni kariya fiye da kima. Ko ma mene ne, ita ce ta buɗe ƙofar da sana'ar ta shiga.

Kura da shan bugu

Kamfanin America Online, wato AOL, shi ne ya fi kowa cin moriyar masu aikin sa kai. A ƙarshen shekarun 1990 yana da kimanin mutum 14,000 da yake kira shugabannin al'umma. Su ke tsaron ɗakunan hira, su amsa tambayoyin sababbin shiga, su kai rahoton masu karya doka. Ladansu shi ne shiga AOL kyauta. A lokacin da ake biya da awa wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin mai yawan zama a intanet kan iya kashe ɗaruruwan daloli a wata.

A watan Disambar 1996 AOL ta sauya tsari: dala 19.95 a wata, ka zauna iya son ranka. Dare ɗaya ladan masu sa kai ya koma bai kai dala 20 ba, aikin kuma ya ninka saboda jama'a sun yi ambaliya. Ga shi kamfanin yana tafiyar da su kamar ma'aikata: sai ka nema, a horar da kai, a ba ka lokacin aiki, ka riƙa cike takardar awannin da ka yi. Darajar kamfanin kuwa sai hauhawa take a kasuwar hannun jari. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A 1999 biyu daga cikinsu, Kelly Hallissey da Brian Williams, suka shigar da ƙara a madadin sauran, suna cewa a ƙarƙashin dokar ƙwadago ta Amurka su ma'aikata ne, a biya su mafi ƙarancin albashi. Horon da aka ba su da takardun awannin da aka sa su cikewa su ne suka zama hujjarsu. AOL ta rufe shirin a 2005, shari'ar kuma ta ƙare da sulhu a kan dala miliyan 15 bayan an kwashe fiye da shekara 10. Daga nan kamfanoni suka koyi darasi biyu masu karo da juna. Wasu suka ce gara a ɗauki ma'aikata na gaske. Wasu kuma suka ce a ci gaba da amfani da masu sa kai, amma a nesanta da su, kada a ba su jadawali, kada a sa su cike takarda.

Abin da masu bincike suka gano

Mai karatu zai iya tambaya, shin akwai wani ilimi a cikin wannan aiki, ko dai baiwa ce kawai ta iya zama da mutane? Akwai, kuma wani ɓangarensa ya girmi intanet.

Elinor Ostrom, mace ta farko da ta samu kyautar Nobel a fannin tattalin arziki a 2009, ta yi shekaru tana nazarin yadda al'ummomi ke kula da dukiyar da kowa ke da haƙƙi a ciki, kamar makiyaya da dazuzzuka da ruwan noman rani. Ta lura cewa waɗanda suka ɗore suna da wasu halaye iri ɗaya. An san wane ne ɗan gida, wane ne baƙo. Dokokin sun dace da yanayin wurin, kuma waɗanda dokar za ta hau kansu suna da baki wajen tsara ta. Masu sa ido daga cikin jama'ar suke. Hukunci hawa-hawa ne, ana fara wa da jan kunne kafin a kai ga kora. Akwai kuma hanyar sasanta rigima mai sauƙi da arha. A tsakiyar shekarun 1990 masana zamantakewa Peter Kollock da Marc Smith suka ɗora waɗannan ƙa'idoji a kan zaurukan intanet, suka ga sun zauna. Dukiyar da ake rabawa a zaure ita ce hankalin mutane da lokacinsu, kuma mai cika zaure da talla ko zagi kamar mai sakin dabbobinsa ne su cinye ciyawar kowa.

A 2006 masanin amfani da shafukan intanet Jakob Nielsen ya yaɗa wani ƙiyasi da ake kira 90-9-1: a yawancin zauruka kimanin kashi 90 cikin 100 karatu kawai suke yi, kashi 9 kan tofa albarkacin bakinsu jefi-jefi, kashi 1 ne ke yawancin surutun. Ƙiyasi ne, alƙaluman kan bambanta daga wuri zuwa wuri. Amfaninsa ga mai kula da zaure shi ne ya tuna cewa masu hayaniya ba su ne jama'ar ba, kuma duk hukuncin da ya yanke, masu shirun nan suna kallo.

Akwai kuma gwaji na zahiri. J. Nathan Matias ya haɗa kai da masu kula da zauren kimiyya na Reddit, mai mabiya sama da miliyan 13 a lokacin. A cikin tattaunawa 2,190, sai kwamfuta ta riƙa zaɓa ta hanyar ƙuri'a: wasu a manna dokokin zauren a samansu, wasu a bar su haka. Sakamakon da aka wallafa a 2019 a mujallar PNAS ya nuna cewa inda aka manna dokokin, bin doka a tsakanin sababbin shiga ya ƙaru da fiye da maki 8 cikin 100, yawan shigarsu tattaunawar kuma ya ƙaru da kashi 70 cikin 100. Da yawa za su zaci doka tana korar mutane ne. Gwajin ya nuna baƙo ya fi sakin jiki ya yi magana idan ya ga alamar gidan yana da mai shi.

Sana'a ta samu suna

Bayan shekarar 2000 aikin ya fara samun kujera a ofis. Shafin MetaFilter ya sa kuɗin rajista na dala 5 a 2004, wanda ya rage masu shigowa don ɓarna, ya kuma riƙa biyan masu kula da shi albashi. Fitacciya a cikinsu, Jessamyn West, ma'aikaciyar laburare ce. A dandalin hotuna na Flickr, waɗanda suka kafa shi da ma'aikatan farko kan bi sababbin shiga ɗaya bayan ɗaya suna yi musu maraba, kafin a ɗauki Heather Champ a 2005 ta riƙe ɓangaren al'umma. A duniyar manhajojin da kowa ke iya sa hannu a gina su, kamfanin Canonical ya ɗauki Jono Bacon a 2006 ya kula da masu ba da gudummawa ga Ubuntu, shi kuma ya fitar da littafi a kan sana'ar a 2009.

Daga nan sai alamomin da ake gane sana'a da su suka riƙa bayyana. A 2009 aka kafa The Community Roundtable mai fitar da rahoto a kan yanayin aikin. A 2010 Jeremiah Owyang ya ƙirƙiro ranar yaba wa manajojin al'umma, Litinin ta huɗu a watan Janairu. A 2014 David Spinks da abokan aikinsa suka fara tarukan CMX. A 2020 Facebook ya fito da jarrabawar shaidar ƙwarewa a wannan fanni, a shekarar ce kuma aka kafa ƙungiyar ƙwararru masu aikin aminci da tsaro a dandalolin intanet.

Me ya sa kamfanoni suka yarda su biya? Domin an sake samun ma'auni. Idan masu amfani da kayanka suna amsa wa juna tambayoyi, ka rage kuɗin ma'aikatan amsa waya. Idan suna jin su 'yan gida ne, ba sa saurin komawa wajen abokin hamayya. Idan suna faɗin abin da ke damunsu, ka san abin da za ka gyara. Manajan da ya iya nuna waɗannan da alƙaluma shi ke tsira ranar rage ma'aikata.

Waɗanda ba a gani

A daidai wannan lokaci ne aikin ya tsage. Facebook da YouTube da ire-irensu sun kai girman da babu mai masaukin da zai san baƙinsa. Sai aka ware ɓangare mafi ɗaci, wato duba abubuwan da aka kai ƙara a kansu, aka mayar da shi kamar aikin masana'anta, aka ba kamfanonin kwangila a ƙasashe irin su Filifin da Indiya da Kenya. Ma'aikaci zai wuni yana kallon yankan rai da cin zarafin yara, yana da 'yan daƙiƙu ya yanke hukunci a kan kowanne. Sarah T. Roberts ta Jami'ar Kalifoniya a Los Angeles na cikin waɗanda suka fara binciken wannan ɓoyayyen aiki, littafinta ya fito a 2019. A 2020 Facebook ya amince ya biya dala miliyan 52 don sasanta ƙarar da masu tacewa a Amurka suka shigar kan lahanin da aikin ya yi wa ƙwaƙwalwarsu.

Nan ne labarin ya iso ƙofar gidanmu. A watan Fabrairun 2022 mujallar Time ta wallafa bincike a kan ofishin kamfanin Sama a Nairobi, wanda a lokacin yake yi wa Facebook aikin tacewa a harsunan Afirka, inda ta ce wasu ma'aikatan na samun abin da bai wuce kimanin dala ɗaya da rabi a awa ba. Wani ɗan Afirka ta Kudu, Daniel Motaung, ya ce an kore shi ne saboda yunƙurin kafa ƙungiyar ma'aikata, ya kuma garzaya kotu. A cikin ma'aikatan wannan ofishi akwai 'yan Najeriya da aka ɗauka musamman don duba abin da ake wallafawa da Hausa. Wato a wancan lokacin idan ka danna ƙorafi a kan wani mummunan bidiyo daga Kano ko Maraɗi, mai yiwuwa wani ɗan'uwanka ne a Nairobi ya kalle shi har ƙarshe domin kada ya iso ga wasu. A 2023 fiye da ma'aikata 180 suka kai ƙara kan sallamarsu, kuma a watan Mayun shekarar masu wannan aiki suka taru a Nairobi suka ƙuduri kafa ƙungiyarsu ta Afirka.

Su kuma masu sa kai ba su gushe ba. Wani bincike na 2022 da Hanlin Li da abokan aikinta suka yi ya ƙiyasta cewa masu kula da zaurukan Reddit na yin aƙalla awa 466 a kowace rana, aikin da ya kai dala miliyan 3.4 a shekara in da biya za a yi. Sun kuma nuna suna da ƙarfi. A watan Yulin 2015, da kamfanin ya sallami Victoria Taylor, ma'aikaciyar da suke dogara da ita wajen shirya hira da fitattun mutane, sai suka rufe manyan zauruka, cikin kwanaki shugabar kamfanin Ellen Pao ta sauka. A watan Yunin 2023 zauruka sama da 7,000 suka sake rufewa kan tsadar da aka ɗora wa manhajojin da suke aiki da su. Wannan karon kamfanin bai janye ba, har ya sauke wasu ya naɗa sababbi. Zauren da ka gina a filin wani, ranar da mai fili ya tashi ba ka da ta cewa.

To mu fa?

Mu ma muna da namu tarihin, ko da ba a rubuta shi sosai ba. A farkon shekarun 2000 Farfesa Abdalla Uba Adamu ya buɗe zauren Finafinan Hausa a Yahoo, inda masana da 'yan fim da masu kallo suka riƙa tafka muhawara. Yahoo ya rufe wannan sashe nasa gaba ɗaya a watan Disambar 2020. Seun Osewa ya kafa Nairaland a 2005. A 2015 Lola Omolola ta buɗe zauren mata na FIN a Facebook, wanda ya haura mutum miliyan ɗaya cikin kimanin shekara biyu, bisa doka mai tsauri ta hana kushe wadda ta buɗe cikinta. Wikipedia ta Hausa masu sa kai ne ke riƙe da ita. A yau kuma marubuta littattafan Hausa na sayar da labaransu ta zaurukan WhatsApp da Telegram na kuɗi, inda wani ke karɓar shaidar biya, ya shigar da mutane, ya bi sawun masu fitar da littafi waje. Wannan aikin manajan al'umma ne, ko da ba a kira shi haka ba.

Ga mai son ya mayar da shi sana'a, tarihin nan ya bar wasu alamomi a hanya. Kusan duk waɗanda muka ambata ba daga ajin kwamfuta suka fito ba: akwai mutumin gona, da ma'aikaciyar laburare, da 'yar jarida. Sun fara ne da zaure na gaske, suka koyi rubuta doka a taƙaice, da hukunci hawa-hawa, da haƙurin jin zagi ba tare da ramawa ba, domin babba juji ne. Sannan kafin ka karɓi aiki ka tambaya wane ne daga cikin ukun ake kiranka: gina al'umma, ko tace abubuwa masu tayar da hankali, ko aikin kyauta da aka yi wa ado da suna? In na biyun ne, ka nemi sanin awa nawa za ka yi, da irin kulawar lafiyar da aka tanada, tun kafin ka sa hannu. Iya Hausa kuma jari ne, domin na'urorin tacewa har yanzu suna tuntuɓe a kan habaici da zambo da karin magana, mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Abu na ƙarshe shi ne rubutu. Mutanen AOL sun samu abin riƙewa a kotu ne saboda awanninsu a rubuce suke. Idan kana riƙe da zauren ƙungiya ko na kasuwanci ko na makaranta, ka samu littafi ko fayil ka riƙa ajiyewa: mutum nawa ka tarar, nawa ne yanzu, dokokin da ka tsara, rigingimun da ka kashe da yadda ka kashe su, da awannin da abin ke ci maka a mako. Ranar da za ka nemi aiki, ko ka ce wa masu zauren lokaci ya yi da za a fara biyanka, wannan littafin za ka buɗe musu.